Nazarin Lamari: Masallacin Juma'ar da Gininsa Ya Tsaya a Taga, da Yadda Aka Kai Shi Rufi

Asalin aikin, 2019

Unguwar da wannan nazari ya shafa sabuwa ce, a bayan gari, a ɗaya daga cikin manyan biranen Arewa maso Yammacin Najeriya. Ba za a ambaci sunanta ba. A ƙarshen 2019 gidajenta sun ɗan haura 400. Mazaunanta ƙananan ma'aikata ne da malaman makaranta da 'yan kasuwa masu matsakaicin jari, sai masu sana'ar hannu. Masallacin da suke da shi na salloli biyar ne, yana ɗaukar mutum 150 idan an matsu. Ranar Juma'a sai an yi tafiyar kusan kilomita uku.

Wani dattijo daga cikin waɗanda suka fara zama a unguwar ya ba da fili ƙafa 100 sau 100 a bakin titi, ya ce wakafi ne domin masallacin Juma'a. A gaban liman da mai unguwa da wasu dattawa ya faɗa, amma ba a rubuta ba. Aka kafa kwamiti na mutum tara, duk maza, da shugaba da sakatare da ma'aji. Abin da aka shirya ginawa shi ne masallaci mita 18 sau 24 mai ɗaukar kimanin mutum 500, da wurin alwala, da banɗakuna, da azuzuwan Islamiyya huɗu. Wani magini da ya saba aiki a unguwar ya zagaya filin ya ce naira miliyan 18 za ta gama komai. Ba zane, ba rubutaccen lissafin kayan aiki. A kan wannan ƙiyasi na baki aka ɗora duk abin da ya biyo baya.

Ƙaddamar da gidauniya, Fabrairu 2020

Kwamiti ya bi hanyar da aka saba. Aka buga katin gayyata, aka kafa rumfuna, aka ɗauko kujeru da lasifika, aka gayyaci attajirai da 'yan siyasa da babban mai ƙaddamarwa. Mai gabatarwa ya riƙa shelanta alƙawura ana kabbara. Da aka tashi, jimillar abin da aka shelanta ta kai naira miliyan 11. Abin da ya shigo hannu a ranar, tsaba da cak, miliyan 2.3 ne. Hidimar taron ta ci dubu 400.

Sakatare ya rubuta alƙawuran a littafi kamar yadda ya ji su daga lasifika: suna da adadi. Babu sa hannun mai alƙawari, babu ranar da zai cika, sau da yawa ma babu lambar waya. Wasu manyan ba su zo da kansu ba, wakilansu ne suka yi magana da yawunsu. Da aka je karɓa daga baya, wani ya ce bai san an ambaci wannan adadi ba, wani kuma aka yi ta zarya gidansa har kunya ta kama masu zuwa. Bayan 'yan makonni dokar kulle ta annobar korona ta rufe kasuwanni, kowa ya samu uzuri na gaskiya. Zuwa ƙarshen 2020 duk abin da aka karɓa, har da na ranar taro, naira miliyan 4.1 ne.

Wata goma sha shida kuɗi na ajiye, 2020 zuwa 2021

Kwamiti ya yanke shawarar ba za a taɓa ƙasa ba sai an tara miliyan 10, don kada a fara a tsaya. Kwamitin ba shi da rajista, saboda haka ba shi da asusun banki da sunansa. Kuɗin ya zauna a asusun ma'aji na kansa, wanda da shi yake harkar shagonsa.

A 2020 buhun siminti yana wajen naira 2,600. Miliyan 3.7 da ta rage bayan hidimar taro za ta sayi buhu sama da 1,400 a lokacin. A tsakiyar 2021, da aka gaji da jira aka yanke a fara, buhu ya kai wajen 3,800, kuɗin kuma ba zai sayi ko buhu dubu ɗaya ba. Rodi da katako ma sun tashi. A littafin ma'aji ko kwabo bai ragu ba, shi ya sa babu wanda ya ga asarar.

An sa harsashi, an tsaya, Yuni 2021 zuwa 2022

An haƙa harsashi a watan Yuni 2021, cikin damina. Ana cikin zubin kankare wani mai bayar da gudunmawa ya kawo shawarar a yi bene domin mata. Aka karɓa nan take, ba tare da injiniya ba. Magini ya faɗaɗa ramukan ginshiƙai, ya ƙara rodi, aka fasa wani sashe da aka riga aka zuba. Harsashi kaɗai ya cinye fiye da rabin abin da ke hannu.

Don a ci gaba, aka gwada hanyoyi uku. An sa matasa a bakin titi da bokiti da lasifika. A rana mai kyau sukan samu dubu takwas ko tara, a cire musu na abinci da na wahala, a cire na man janareta, abin da ke isa hannun ma'aji bai taka kara ya karya ba, ga shi babu yadda za a san ainihin abin da aka jefa a bokitin. An yi yawon kasuwa da takardar neman taimako mai hatimin kwamiti, amma irin wannan takarda ta yi yawa a kasuwa har 'yan kasuwa sun daina karantawa. Wadda ta fi kawo kuɗi ita ce tarin watan azumi a wurin tafsiri, inda wasu 'yan kasuwa suka kawo har da zakkarsu.

Duk waɗannan kuɗaɗe tukunya ɗaya suka shiga, littafi ɗaya. Daga cikinta ake sayen bulo, daga cikinta ake zuba wa janaretan ƙaramin masallaci mai, a ba liman da ladan ɗan alheri, a yi buɗa-baki. Duk wanda ya ba da kuɗi da niyyar gini, wani kaso na kuɗinsa kunu da ƙosai ya tafi, ba tare da ya sani ba.

A watan Disamba 2021 bango ya kai daidai taga, kuɗi ya ƙare, mai bulo yana bin dubu 650. A farkon 2022 wani bawan Allah ya ba da siminti buhu 120. Babu kuɗin bulo da na lebura da za a yi aiki da shi, sai aka jibge shi a ƙasa a wani shago mai yoyo. Kafin damina ta wuce yawancinsa ya daskare ya zama dutse. A wannan shekarar kuma dattijon da ya ba da filin ya rasu.

Tsegumi da ƙarancin takardun kuɗi, ƙarshen 2022 zuwa Afrilu 2023

Gini ya shekara a tsaye, ciyawa ta fito a cikinsa, magana ta fara yawo a majalisu. Babu wanda ya fito ya ce ma'aji ya ci kuɗi, amma an daina bayarwa. Wani malami a unguwar ya ɗaga maganar zakkar da aka zuba a gini. Wasu daga cikin magadan mai filin suka fara tambayar inda takardar wakafin take.

Sai ga sauyin fasalin naira. Babban Bankin Najeriya ya fitar da sababbin takardun 200 da 500 da 1,000 a Disamba 2022, ya sa wa'adin daina karɓar tsofaffi a ƙarshen Janairu 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, kafin Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Maris cewa tsofaffin su ci gaba da aiki. A waɗannan makonni tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun mutane. Akwatin masallaci ya koma kusan wayam. Masu son yin tiransifa suka tambayi lambar asusu, aka ba su ta ma'aji, da yawa suka fasa. Azumin 2023, wanda ya fara a 23 ga Maris, shi ne mafi ƙarancin abin da aka tara tun da aka fara.

Bincike da sabon tsari, Mayu zuwa Agusta 2023

Bayan ƙaramar Sallah mai unguwa da liman suka kira taron jama'a. Aka zaɓi mutum uku da ba sa cikin kwamiti su duba littafi: wani akanta da ya yi ritaya, da malamin makaranta, da ɗan kasuwa. Sun haɗa littafin ma'aji da bayanin asusunsa na banki da rasit ɗin da aka iya samu, suka kuma je wurin mai bulo da mai rodi da mai tifar yashi suka duba nasu littattafan.

Daga Fabrairu 2020 zuwa Afrilu 2023 naira miliyan 8.9 ta shigo. Gini ya ci miliyan 6.3, gudanar da ƙaramin masallaci miliyan 1.7, taron gidauniya dubu 400. Dubu 480 ba a samu rasit ko shaidar inda ta shiga ba. Ragowar wajen dubu 20 ne. A cikin abin da ya shigo, dubu 900 zakka ce. An karanta wannan a bainar jama'a bayan sallar isha'i. Ma'aji ya ce dubu 480 ɗin ƙananan biye-biye ne na leburori da ruwan tanka da bai rubuta ba, masu binciken kuma ba su ga alamar akasin haka ba. Ya ɗauki nauyin biyan rabi daga aljihunsa, jama'a suka yafe rabi, ya sauka daga muƙamin ya ci gaba da zama ɗan kwamiti.

A kan zakka aka koma ga malamai. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta iyakance masu cin zakka zuwa kashi takwas, kuma abin da ya shahara a mazhabar Malikiyya da sauran mazhabobi shi ne ba a gina masallaci da ita. Aka mayar da dubu 900 ɗin bashi a kan asusun gini, ana cire dubu 75 duk wata har shekara guda ana raba wa mabuƙatan unguwar. Daga nan duk wanda ya kawo zakka ana tambayarsa a rubuta ta daban.

Magada suka zauna da shaidun da suke raye, aka rubuta takardar wakafi da iyakokin fili, kowa ya sa hannu a gaban dagaci. Sannan aka yi wa masallacin rajistar amintattu a CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Wannan yana buƙatar kundin tsarin gudanarwa, da sunayen amintattu, da sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi. Banki ya kuma nemi takardar SCUML, sashen hukumar EFCC da ke sa ido kan halasta kuɗin haram, kamar yadda ake nema daga ƙungiyoyi irin wannan. Duka ya ɗauki kusan wata uku. Aka buɗe asusu a bankin da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa. Irinsu yanzu ba wahalar samu suke ba, tun da Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021. Masu sa hannu uku ne, ba a fitar da kuɗi sai biyu sun sa. Saƙon shigar kuɗi da fitarsa yana zuwa wayar mutum biyu da ba su da ikon cirewa.

Kuɗi aka raba gida huɗu, kowanne da littafinsa: na gini, na gudanarwa, na zakka, na hidimar azumi. Asusun banki biyu ne kawai, na gini da na sauran, domin kada cajin banki ya yi yawa. Ƙa'idar ita ce ba a aron kuɗin gini don man janareta ko da na kwana ɗaya ne.

Injiniya ya duba abin da aka gina ya ce ginshiƙan ba za su ɗauki bene ba duk da rodin da aka ƙara, saboda ba a lissafa su a kan nauyi ba. Aka haƙura da bene, aka ware wa mata sashe a ƙasa da ƙofarsu daban. Mai ƙididdigar kayan gini ya fitar da lissafi dalla-dalla: bulo nawa, rodi mai milimita 12 da 16 guda nawa, tifar yashi da tsakuwa nawa, ladan aiki nawa. Wannan ya zo daidai da cire tallafin man fetur a 29 ga Mayu 2023 da sakin darajar naira a watan Yuni, don haka aka ƙara kashi 15 cikin ɗari na ko-ta-kwana, aka kuma yarda a sake duba farashi duk wata uku. Ragowar aikin, ban da Islamiyya, ya kama miliyan 24. Aka yanka shi zango-zango: bango zuwa linta, rufi, ƙofofi da tagogi da daɓe, ruwa da banɗaki, shagunan haya, sannan filasta da silin da tayil. Ba a fara zango sai kuɗinsa ko kayansa sun cika, kuma kowane zango an tsara shi ya tsaya a inda ruwan sama ba zai ɓata shi ba.

Yadda aka tara kuɗi, daga Yuli 2023

An daina bokitin bakin titi. Aka raba unguwar layi takwas, kowane layi da mai karɓa ɗaya riƙe da littafin rasit mai lamba. Kowane magidanci ya zaɓi abin da zai iya duk wata: 500, ko 1,000, ko 2,000, ko 5,000 zuwa sama. Gida 260 suka rubuta suna, amma masu biya a kai a kai wajen 190 ne, ana samun kimanin dubu 330 a wata. Ana karɓa a makon farko na wata, lokacin da albashi bai gama narkewa ba. 'Yan unguwar da ke aiki a Legas da Abuja da Fatakwal da Saudiyya aka haɗa su a zauren WhatsApp, ana tura musu hoton aiki da na rasit duk Juma'a. Suna turo kusan dubu 200 a wata.

Mata ba a taɓa tuntuɓarsu ba tun 2019. Da aka je ta hannun malamar Islamiyyar matan aure, suka ce a ba su abu guda da za su san nasu ne. Suka ɗauki rijiyar burtsatse da tankinta, suka tara kuɗin da zubi irin na adashi, suka gama kafin maza su kai linta.

Ba duk abin da aka gwada ne ya yi ba. Umarnin banki ya riƙa cirewa da kansa duk wata mutum ƙalilan suka yarda da shi. Shawarar cin tarar wanda ya makara ta mutu a taron farko, tun da sadaka ce ba haraji ba. Rahoton wata na farko da aka manna a bangon masallaci ya zo da sunayen mutane da abin da kowa ya bayar; masu 500 suka ji kunya, wasu masu yawa kuma suka ce an tona musu sadaka. Aka sauya: lambar rasit da adadi kawai ake mannawa, kowa ya duba lambarsa ya tabbatar kuɗinsa ya isa. Sau biyu aka nuna wa mai karɓa alat na bogi, shi ya sa aka daina yanka rasit sai an ga kuɗin a bayanin banki.

Siminti da rufi, Nuwamba 2023 zuwa Yuni 2024

Kwamiti ya daina ajiye kuɗin gini fiye da mako biyu. Rodi da kwano da katako ake saya a ajiye a ɗakin da ke da makulli biyu. Siminti kuwa ba ya son ajiya, wata uku ya yi yawa ko da an ɗora shi a kan katako nesa da bango, saboda haka sai a biya dila kuɗinsa gaba ɗaya a bar kayan a wurinsa, a ɗauka ranar aiki. A Nuwamba da Disamba 2023 an biya buhu 300 a kan 5,400 a wurin diloli biyu.

A Fabrairu 2024 buhu ya haura naira 10,000 a wurare da yawa, har gwamnatin tarayya ta zauna da masu kamfanonin siminti aka tsayar da magana a kan 7,000 zuwa 8,000. Dila na farko, wanda aka rubuta yarjejeniya da shi mai adadin buhu da irin simintin da ranar ɗauka, ya ba da kaya cif. Na biyu rasit ɗin kuɗi kawai ya bayar, ba a rubuta buhu nawa ba. Ya ce zai ba da siminti na adadin kuɗin a farashin ranar. Sai da shugabannin kasuwa suka shiga tsakani aka raba asarar biyu, masallaci ya rasa buhu 25. Malamai suka tunatar da kwamiti cewa wannan ciniki salam ne, wato a biya kuɗi yanzu a karɓi kaya daga baya, kuma sharuɗɗansa su ne a biya kuɗi duka, a fayyace kaya da adadi da lokaci.

An sake ƙiyasta rufi daga miliyan 6.5 zuwa 9.5. Azumi ya kama a 11 ga Maris 2024. Ba a yi taron ƙaddamarwa ba. A goman ƙarshe aka manna zanen rufin an raba shi gida-gida, kowane gida da kuɗin kwanonsa da ƙarfensa, mutum ko iyali ya ɗauki gida ɗaya ko rabi. Alƙawari a kati ake rubutawa, da sa hannu da lambar waya da ranar cikawa, kuma ba ya wuce mako biyu bayan Sallah. An rubuta miliyan 7.2, miliyan 6.1 ta shigo. Da kuɗin wata-wata da kayan da wasu suka kawo aka cike. An buga kwano na ƙarshe a farkon Yuni, ruwa bai kankama ba.

Shagunan wakafi da halin da ake ciki, 2024 zuwa 2025

Bayan an samu izinin masarauta, an fara sallar Juma'a a ƙarshen 2024 a kan daɓen siminti da tabarmi, bango babu filasta. An yi gardama a kan zango na gaba. Da yawa sun so tayil da silin, amma aka tsaya a kan jerin da aka amince da shi, aka gina shaguna uku a gefen titi. An sa su cikin takardar wakafi, an rubuta cewa hayarsu ta gudanar da masallaci ce. Kowanne dubu 250 ne a shekara, jimilla dubu 750. Gudanar da masallacin, wato alherin liman da na'ibi da ladan da mai shara, da ruwa da ƙananan gyare-gyare, yana cin wajen dubu 95 a wata tun da aka sa sola aka rage janareta. Haya tana ɗaukar kusan kashi biyu cikin uku, akwatin Juma'a yana cike sauran. Mutum uku ke ƙirga akwatin bayan sallah, su sa hannu, a kai banki ranar Litinin.

Zuwa tsakiyar 2025 an biya mai bulo, an gama mayar da zakka, an yi filastar ciki. Silin da tayil da azuzuwan Islamiyya suna nan ba a yi ba. Masu biyan wata-wata sun ragu zuwa wajen 120 tun da aka fara sallah a ciki, biyu daga cikin masu karɓa sun gaji sun ajiye.

Abin da lamarin ya nuna

Unguwar ba ta ƙara arziki tsakanin 2020 da 2024 ba, rayuwa ma tsada ta ƙara yi. Amma a wata goma sha biyu na sabon tsari ta tara fiye da abin da ta tara a shekara uku na farko. Bambancin shi ne mai bayarwa ya ga lambar rasit ɗinsa a bango, ya san kuɗinsa kwano zai zama ba man janareta ba, kuma abin da aka roƙe shi daidai ƙarfinsa ne. Taron gidauniya ya jingina aikin a kan baƙi masu kuɗi da ba a masallacin za su yi sallah ba, ya tsallake gida 400 da ke kewaye da filin, ya tsallake matansu gaba ɗaya.

Asara mafi girma ba dubu 480 da aka yi ta surutu a kanta ba ce. Buhu sama da 400 da suka narke lokacin da kuɗi ke ajiye, da buhu 120 da suka daskare, da harsashin benen da ba a gina ba, kowannensu ya kai ta ko ya fi ta, kuma duka daga rashin rubutaccen lissafi da jadawalin aiki suka fito. Kwamitin da ke tara kuɗin gini a lokacin da farashi ke tashi ya kamata ya riƙa auna abin da yake da shi da buhu da rodi, ba da naira ba.

Sauran rauni biyu. Hayar shagunan adadi ne tsayayye na shekara, kuɗin gudanarwa kuwa tashi yake yi. Idan ba a sa sharaɗin sake duba haya duk shekara ba, kashi biyu cikin ukun zai koma rabi. Na biyu, littattafan huɗu da rahoton wata duk a hannun akantan nan mai ritaya suke. Kundin tsarin ya ce a sauya shugabanni duk shekara uku, an tsara zaɓe na gaba a 2026, kuma zuwa tsakiyar 2025 ba a koya wa kowa aikin akantan ba.